Unguwannin Masu Hali na Cikin Itatuwa a Greensboro: Tarihinsu da Abin da Ke Jan Mutane Zuwa Gare Su

A arewa da yammacin birnin Greensboro, cikin jihar Karolina ta Arewa a Amurka, akwai jerin unguwanni da itatuwa suka lulluɓe, har wanda ya dubo su daga jirgin sama a watan Yuli zai ɗauka kurmi ne. Fitattu daga cikinsu su ne Fisher Park, Irving Park, Sunset Hills, Hamilton Lakes da Starmount Forest, sai kuma Sedgefield da ke can kudu maso yamma. Galibinsu an yanka su ne tsakanin 1900 da 1930, kuma tun daga lokacin a cikinsu ne masu masana'antu, shugabannin kamfanonin inshora, likitoci da lauyoyin garin ke zama. Inuwar da ake gani a waɗannan unguwanni aikin hannu ce. Kamfanonin filaye ne suka tsara ta, dukiyar masaƙu da inshora ta biya kuɗinta, sharuɗɗan da aka rubuta a takardun mallaka suka tsare ta, sa'an nan shekaru ɗari suka raine ta.

Ƙasar da garin

Greensboro na cikin yankin da ake kira Piedmont, wato tuddan da ke tsakanin duwatsun Appalachia da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar bakin teku. Ƙasar wurin jan yumɓu ce, ruwan sama kuma yakan kai kimanin milimita 1,100 a shekara, yana sauka a kowane wata, babu rani irin na ƙasar Hausa. A irin wannan wuri, gonar da aka bari ba a noma ba takan koma daji cikin shekaru kaɗan. Shi ya sa yawancin itatuwan da ke kewaye da garin a yau tsiro na biyu ne, wanda ya fito a tsofaffin gonakin masara da taba bayan ƙasar ta gaji.

An kafa garin a 1808 don ya zama hedkwatar gundumar Guilford, aka sa masa sunan Janar Nathanael Greene, wanda ya jagoranci sojojin Amurka a gumurzun Guilford Courthouse na ranar 15 ga Maris 1781. Ya daɗe yana ƙaramin gari. Jirgin ƙasa ya iso a 1856, bisa ƙoƙarin tsohon gwamna John Motley Morehead, kuma kafin ƙarshen ƙarnin layuka da dama sun haɗu a nan. A wancan zamani masu hali a tsakiyar gari suke zama, cikin manyan gidaje a bakin manyan tituna, inda mutum zai taka da ƙafa zuwa kantinsa ko kotu ko coci. Bayan gari kuwa na manoma ne da talakawa.

Inda dukiyar ta fito

Abin da ya sauya wannan tsari shi ne masana'antu. 'Yan'uwa biyu, Moses da Ceasar Cone, sun kafa masaƙar Proximity a tsakiyar shekarun 1890, aka bi ta da Revolution, wadda suka haɗa hannu da iyalin Sternberger wajen kafawa, sai White Oak a 1905, wadda ta shahara da yadin jins har ta daɗe tana sayar wa kamfanin Levi Strauss. Wani mai sayar da magani, Lunsford Richardson, ya haɗa man shafawar nan na mura da duniya ta sani da Vicks. Kamfanonin inshora na Jefferson Standard da Pilot Life suka bunƙasa, har na farkon ya gina bene mai hawa 18 a tsakiyar gari a 1923. A 1935 kuma J. Spencer Love ya kawo hedkwatar masaƙun Burlington zuwa Greensboro.

Yawan jama'a ya bi sawun dukiya. Garin da ke da mutum 10,035 a 1900 ya kai 19,861 a 1920, ya kuma haura 53,000 a 1930, bayan da aka faɗaɗa iyakarsa ƙwarai a 1923. Tsakiyar gari ta cika da hayaƙin kwal, ƙarar jirgi, ƙura da kantuna. Mai kuɗin da a da yake alfahari da gidansa na bakin babban titi ya fara neman inda zai kwana cikin shiru, muddin zai iya isa ofis da safe. Taragon lantarki, wanda ya fara zirga-zirga a titunan garin a 1902, shi ne ya fara ba shi wannan dama, mota kuma ta zo ta ƙarasa aikin.

Asalin tsarin

Tunanin gina unguwa a cikin itatuwa ya girmi unguwannin Greensboro. Ya samo tushe daga gidajen gonar manyan Ingila, inda ake shirya fili ya yi kama da wanda ba a taɓa ba. A Amurka, Llewellyn Park ta jihar New Jersey, wadda aka fara a shekarun 1850, tana cikin na farko, kuma mai zanen gine-gine Alexander Jackson Davis da ya yi aiki a kanta shi ne ya zana sabon ɓangaren Blandwood, gidan Gwamna Morehead a Greensboro, a 1844. A 1869 Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux suka tsara Riverside a kusa da Chicago, da tituna masu lanƙwasa. Roland Park ta Baltimore ta biyo baya a 1891, ta yaɗa dabarar rubuta sharuɗɗa a takardar mallakar fili. J. C. Nichols na Kansas City kuma ya nuna cewa filin golf na iya zama abin da zai sayar da fulotai. Duk waɗannan dabaru uku, wato titi mai lanƙwasa, sharaɗin takarda da filin wasa, sun haɗu a Greensboro.

Fisher Park

Unguwar farko da aka gina a kewayen wurin shaƙatawa ita ce Fisher Park, arewa kaɗan da tsakiyar gari. Kyaftin Basil J. Fisher, mutumin Birtaniya da harkar haƙar zinariya ta kawo jihar, ya sayi fili a wurin. A 1901 ya ba wa gari wani kwari mai rafi da itatuwa, wanda dama ba shi da daɗin gini, gari kuma ya ɗauki nauyin yin hanya a kewayensa. Kwarin da ba shi da kasuwa ya zama lambu, fulotan da ke fuskantarsa suka yi daraja. Wannan lissafi ne duk masu yanka filaye na garin suka kwaikwaya daga baya: a bar wa rafi da itatuwa gangare da fadama, a sayar da tudu.

Cikin shekaru talatin Fisher Park ta cika da gidaje manya da matsakaita. A bakin lambun aka gina wurin ibadar Yahudawa na Temple Emanuel da babban cocin First Presbyterian a shekarun 1920, duka biyun zanen Hobart Upjohn. A nan ne kuma Julian Price, shugaban Jefferson Standard, ya gina gidansa mai suna Hillside a 1929, da salon tsofaffin gidajen Ingila, bisa zanen Charles C. Hartmann, wanda ya zana benen kamfanin.

Irving Park

Unguwar da ta zama abin misali ita ce Irving Park. Jagoran masu kafa ta shi ne Alexander W. McAlister, ɗan kasuwar inshora da filaye, wanda ake dangantawa da shigo da wasan golf garin. Shi da abokan harkarsa, ciki har da lauya Alfred M. Scales, sun fara da kafa kulob ɗin Greensboro Country Club, wanda ya buɗe a 1911 a wasu gonaki da ke tsallaken rafin North Buffalo, sa'an nan suka yanka fulotai a kewayen filin wasan. A 1914 suka ɗauko John Nolen, masanin tsara birane daga Cambridge ta jihar Massachusetts, wanda ya riga ya tsara Myers Park a Charlotte. Wajen 1920 Robert B. Cridland na Philadelphia ya faɗaɗa taswirar.

Wanda ya bi Sunset Drive ko Country Club Drive zai ga aikinsu har yau. Titi yana bin gangaren ƙasa, yana kauce wa babban itace maimakon a sare shi, ta yadda mai tafiya ba ya hango ƙarshen hanya, kowace kwana da abin da take nuna masa. Inda tituna suka haɗu an bar 'yan filaye masu ciyawa. Gidaje sun ja baya nesa da titi, kuma gabansu babu katanga, ciyawar wannan gida ta haɗe da ta maƙwabci har unguwar ta zama tamkar lambu guda. Wannan ya saɓa da gidan birni na ƙasar Hausa, inda zaure da katanga ke kare tsakar gida daga idon mai wucewa. A Irving Park tazara da itatuwa ne ke yin aikin katanga, rayuwar iyali kuma a bayan gida take.

Ba a bar wannan kamanni ga son ran masu saye ba. Takardar kowane fuloti ta ƙayyade cewa gida ɗaya za a gina, na zama kawai, da tazarar da za a bari daga titi, kuma kuɗin ginin kada ya gaza dala 5,000. A 1914 ɗin da Henry Ford ya girgiza Amurka da albashin dala 5 a rana, wannan kuɗi ladan kwana dubu ne na ma'aikacin da ya fi kowa samu, ma'aikatan masaƙun jihohin kudu kuwa ba su kusa da wannan albashi ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gidajen da aka gina galibi na jan bulo ne da fararen ginshiƙai, salon zamanin mulkin Ingila a Amurka, ko kuma masu tsinin rufi da katakai a bango. Iyalan Richardson da na Cone da Spencer Love duk sun zauna a wannan yanki. A 1923 aka shigar da unguwar cikin iyakar gari.

Shekarun 1920 da faɗuwar kasuwa

Nasarar Irving Park ta buɗe ƙofa. Tun a 1917 aka fara mayar da tsohon wurin wasannin Lindley Park unguwa, bisa tsarin Earle Sumner Draper. Kamfanin A. K. Moore ya yanka Sunset Hills a yamma, da dogon lambu mai bin rafi a tsakiyarta, don ma'aikatan ofis da 'yan kasuwa masu rufin asiri. McAlister ya koma kudu maso yamma ya kafa Sedgefield a wani tsohon dajin farauta, da filin golf na zanen Donald Ross da aka buɗe a 1926, da otal da bargar dawaki, har ya kai hedkwatar Pilot Life can. Alfred Scales kuwa ya tare rafuka ya yi tafkuna biyu, Hamilton da Euphemia, ya kafa Hamilton Lakes a matsayin gari mai cin gashin kansa.

Karyewar tattalin arziki ta 1929 ta tarar da yawancin waɗannan ayyuka ba a gama ba. Scales ya rasa filayensa, suka koma hannun Edward Benjamin da matarsa Blanche, 'yar gidan Sternberger, waɗanda kamfaninsu na Starmount ya ci gaba da yanka yankin sannu a hankali tsawon shekaru da dama. Wannan jinkiri ya amfani itatuwa, domin fulotan da suka yi shekara ashirin ba a gina ba sun cika da manyan bishiyoyi kafin magina su zo. Golf ya ci gaba da zama tutar waɗannan unguwanni. A 1938 aka fara gasar Greater Greensboro Open a filayen Sedgefield da Starmount Forest. Sam Snead ne ya ci ta farko, ya kuma ci ta sau takwas, na ƙarshe a 1965. Gasar na nan da sunan Wyndham Championship, kuma tun 2008 a Sedgefield ake yin ta.

Waɗanda aka hana shiga

Takardun da suka tsare itatuwa su ne kuma suka tsare launin fata. Kamar a unguwanni masu yawa na wancan zamani, takardun mallaka a unguwannin masu hali na Greensboro sun hana sayar wa baƙar fata ko ba shi haya, sai dai in ɗan aikin gida ne. Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokokin birane masu raba unguwanni bisa launi a 1917, a shari'ar Buchanan da Warley, amma sharaɗin da ke cikin takardar ciniki ya ci gaba da aiki har 1948, lokacin da shari'ar Shelley da Kraemer ta hana kotuna tilasta shi. Sai a 1968 doka ta haramta wariya a cinikin gidaje gaba ɗaya. Kullum da safe masu girki, masu raino da masu gyaran lambu kan taso daga gabashi da kudancin gari su yi aiki a gidajen da ba su da ikon saye, da yamma su koma.

Mai karatu da ya san unguwar Nasarawa ta Kano zai gane wannan fasali. Turawan mulkin mallaka sun keɓe wa kansu unguwanni masu faɗin fili da itatuwa da kulob da filin wasa, dokarsu ta 1917 kuma ta tanadi tazarar yadi 440 tsakaninsu da mazaunin 'yan ƙasa. Bambancin shi ne a Kano gwamnati ce ta shata iyakar, a Greensboro kuwa kamfanoni ne suka fara shata ta, gwamnati ta zo ta ƙarfafa. A tsakiyar shekarun 1930 hukumar bashin gidaje ta tarayya ta zana taswirorin birane, ciki har da Greensboro, ta shafa wa unguwanni irin Irving Park kore, alamar wurin da banki zai ba da bashi hankali kwance, ta shafa wa unguwannin baƙar fata ja. Inda bashi bai shiga ba, gyara bai shiga ba, darajar gida ba ta tashi ba.

Baƙaƙen fata masu ilimi da sana'a sun gina nasu unguwannin a gabas, kusa da jami'ar A&T da kwalejin Bennett. Nocho Park ta fara a shekarun 1920, kusa da asibitin L. Richardson Memorial da aka buɗe a 1927, daga baya Benbow Park da Clinton Hills suka biyo, inda malamai, likitoci da lauyoyi suka zauna. Warnersville kuwa, wadda aka kafa wa 'yantattun bayi bayan yaƙin basasar Amurka, an rushe mafi yawanta a shekarun 1960 da sunan sabunta gari.

Filin golf, wanda shi ne zuciyar unguwannin masu hali, ya zama fagen gwagwarmaya. Ranar 7 ga Disamba 1955 likitan haƙori George Simkins Jr. da abokansa biyar suka ajiye kuɗin shiga suka yi wasa a filin Gillespie Park, mallakar gari, aka kama su da laifin shiga gonar wani. Ranar 1 ga Fabrairu 1960 ɗaliban A&T huɗu suka zauna a teburin cin abinci na kantin Woolworth da aka keɓe wa farar fata, zaman da ya bazu a duk jihohin kudancin ƙasar. A 1961 Charlie Sifford ya buga gasar Greensboro a Sedgefield, baƙar fata na farko da ya shiga irin wannan gasa a Kudu, ya ƙare na huɗu duk da zagi da barazanar da ya sha.

Bayan yaƙin duniya na biyu

Bayan 1945 bashin gida mai sauƙi da mota suka sa zaman gefen gari ya zama na jama'a da yawa. Aka gina ƙananan gidaje a Kirkwood, maƙwabciyar Irving Park, aka kuma buɗe New Irving Park a arewa. A 1957 kamfanin Starmount ya buɗe rukunin kantuna na Friendly, wanda ya rage wa mazauna yamma buƙatar shiga tsakiyar gari, a shekarar ce kuma Hamilton Lakes ta shiga cikin Greensboro. Salon gini ya sauya. Mai zanen gine-gine Edward Loewenstein, wanda ya gina wa kansa gida mai bangon gilashi a Irving Park a 1954, ya nuna cewa ginin zamani ma na iya zama cikin itatuwa, kuma yana cikin farar fata na farko a jihar da suka ɗauki baƙaƙen fata masu zanen gini aiki.

Daga nan masu hali suka ci gaba da matsawa arewa da arewa maso yamma. Tafkunan Buffalo da Jeanette, waɗanda kamfanin Cone ya haƙa don ruwan masaƙunsa, sun zama kewaye da gidaje masu tsada a ƙarshen ƙarni na 20. Bayansu akwai tafkunan ruwan sha na gari, Higgins, Brandt da Townsend, da dazuzzukan da aka keɓe a gaɓarsu. Ƙauyukan Summerfield da Oak Ridge sun zama garuruwa masu majalisunsu a 1996 da 1998, babban dalili kuwa shi ne gudun kada Greensboro ta haɗiye su, da son a riƙe manyan fulotai. Masaƙun da suka haifi wannan dukiya sun shuɗe, White Oak ta rufe a ƙarshen 2017, amma unguwannin sun ci gaba da samun masu saye daga harkar asibitoci, jami'o'i, sufuri da ƙera jiragen sama.

Abin da ke jan mutane

Abu na farko shi ne sanyi. A watan Yuli zafin rana a Greensboro kan haura digiri 30, ga gumi, kuma titin da rassan itacen oak suka haɗe a samansa ya fi fili mai kwalta sanyi ƙwarai. Wani bincike da aka wallafa a 2020 kan birane 108 na Amurka ya gano cewa unguwannin da aka shafa wa ja a shekarun 1930 sun fi waɗanda aka shafa wa kore zafin ƙasa da kimanin digiri 2.6 a matsakaici, saboda ƙarancin itatuwa da yawan kwalta. Inuwa na rage kuɗin lantarki, saiwoyi na shanye ruwan sama, ganye na tare ƙura da ƙarar mota.

Na biyu shi ne yadda shekara ke juyawa a idon mazauni. A watan Afrilu itacen dogwud, wanda furensa ne alamar jihar, kan yi fari a ƙarƙashin manyan itatuwa, azaliya ta yi ja da ruwan hoda a gindin bango, garin furen itatuwa kuma ya rufe motoci da rawaya. A Yuni magnoliya ta buɗe, ƙwari masu walƙiya su cika ciyawa bayan magariba. A Oktoba da Nuwamba ganye ya koma ja da ruwan zuma kafin ya zube, 'ya'yan oak na faɗowa kan rufin mota, kurege na kwasa yana binnewa. Barewa kan shigo ta cinye furannin lambu, mujiya na kuka da dare, duk wannan a tazarar 'yan mintoci daga ofisoshin tsakiyar gari.

Na uku shi ne abin da kuɗi ba ya saye da gaggawa. Magini zai iya gama gida cikin shekara guda, amma itacen da zai rufe titi sai ya yi shekara hamsin ko fiye. Sabuwar unguwa, wadda galibi ake share filinta ƙaf kafin a fara gini, ba ta iya yin gasa da tsohuwa a wannan fanni, shi ya sa fulotan tsofaffin unguwanni ke riƙe darajarsu. A ƙasar da gida shi ne babban jarin iyali, wannan tabbaci na da nauyi.

Na huɗu shi ne mutane. Kulob, coci, wurin ninƙaya da makaranta suna haɗa iyalai, a nan ake ƙulla abota da ciniki da aure. Makarantar da yaro zai shiga ta gwamnati ta danganta da adireshin gidansu, don haka iyaye kan sayi gida da makaranta a zuciya, kamar sakandaren Grimsley ko Page. Makarantar kuɗi ta Greensboro Day School ta buɗe a 1970, gab da fara jigilar ɗalibai tsakanin unguwanni don kawar da wariya a 1971. Sunan unguwa kansa shaida ne a garin, domin wanda ya ce a Irving Park yake ya faɗi matsayinsa ba tare da ya ambaci kuɗi ba.

Tsadar inuwa da halin da ake ciki

Zama cikin itatuwa na da nasa nauyin. Ganyen kaka sai an share shi an kwashe, indararo na toshewa, saiwa na ɗaga daɓen hanya tana fasa bututun ruwa, ciyawa ba ta son inuwa mai yawa. Itatuwan da aka dasa a shekarun 1910 da 1920 sun tsufa, kuma sare babban itace guda a kusa da gida kan ci dubban daloli. Idan ruwan ƙanƙara ya daskare a rassa, kamar a Disamba 2002, ko guguwa ta ratsa, kamar Michael a Oktoba 2018, itatuwa kan faɗa kan wayoyin lantarki da rufin gidaje, unguwannin da suka fi inuwa su kwana kwanaki cikin duhu. Saboda haka akan yi ta ja-in-ja tsakanin mazauna da kamfanin lantarki kan yadda ake datse rassan da ke kusa da waya. Ga harajin gida da ke tashi tare da darajarsa, ga kuma dogaro da mota a kusan kowace fita.

Kiyaye tsofaffin gidajen ma batu ne. An sa Fisher Park a rajistar wuraren tarihi ta ƙasa a 1991, Irving Park a 1995, Sunset Hills a 2013. Wannan rajista girmamawa ce da sauƙin haraji ga mai gyara, ba ta hana mai gida rushe gidansa. Dokar gari ce ke da ƙarfi, kuma ta shafi unguwanni uku ne kawai, College Hill, Fisher Park da Dunleath, inda sai da izinin hukuma ake sauya fuskar gini ko sare babban itace. A sauran wurare, mai saye kan rushe gida matsakaici ya gina wanda ya ninka shi girma, itatuwan fulotin su tafi tare da tsohon ginin.

Greensboro ta yau, wadda ƙidayar 2020 ta ba mutum 299,035, gari ne da babu wata ƙabila ko launi da ke da rinjaye a cikinsa. Baƙi sun zo daga Vietnam, Meziko, Sudan da Afirka ta Yamma, ciki har da jama'ar Nijar masu yawa, Hausawa da Zabarmawa, da suka fara zama a garin tun shekarun 1990. Doka ta buɗe ƙofar kowace unguwa ga kowa, farashi ne yanzu ke tsaron ƙofa, kuma tsofaffin unguwannin arewa maso yamma har yanzu galibin mazaunansu farar fata ne. Guguwar da ta faɗa wa gabashin gari ranar 15 ga Afrilu 2018 ta tumɓuke itatuwa masu yawa a yankin da dama bai kai yamma inuwa ba. Shi ya sa aikin dashen itatuwa na hukumar gari da ƙungiyoyin sa-kai, irin su Greensboro Beautiful, ya kasu gida biyu: maye gurbin tsofaffin bishiyoyin unguwannin da Nolen da takwarorinsa suka tsara, da kuma dasa sababbi a unguwannin da tsarin farko ya tsallake.